Tambayi Likita: Ƙanena Na Shan Giya, Ga Ciwon Damuwa, Wane Magani Za A Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena ya yi shekaru yana shan giya kullum. Wata uku ke nan ba barci, ba cin abinci, ya daina fita shago, yana cewa duniya ta ishe shi. An ce mu sayo masa amitriptyline a kemis. Ya dace? — Wata mai karatu, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya. Kada ku sayo. Amitriptyline maganin damuwa ne mai araha, amma in ya haɗu da giya yana jefa mutum cikin barci mai nauyi, in kuma aka haɗiyi da yawa lokaci guda yana rikita bugun zuciya har ya kai ga rasa rai. Mai cewa duniya ta ishe shi ba a ajiye masa irin wannan a ɗaki. Wannan furuci nasa kaɗai ya isa ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa yau, ba gobe ba.

Giya da kanta tana kawo damuwa, kuma sau da yawa damuwar na sauka bayan sati 3 zuwa 4 da dainawa. Shi ya sa likita kan fara da raba shi da giyar. Amma kada ku kulle shi a gida ku ce ya bari ƙwaf ɗaya. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai soma karkarwa, gumi na zuba. Cikin kwana biyu farfaɗiya na iya kama shi. A kwana na biyu ko na uku yana iya shiga ruɗewa da gane-gane. A asibiti ana ba da diazepam, maganin da ke kwantar da jiki, ana rage shi a hankali kamar tsawon mako guda, tare da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

In damuwar ta ƙi sauka, ko dama ta riga shan giyar zuwa, sai a sa shi a kan sertraline, 50mg sau ɗaya a rana, ana iya ƙarawa har 200mg. A nan iyalai ke karaya: kwanakin farko tashin zuciya ne da ciwon kai, sauƙi kuwa sai bayan sati 2 zuwa 6. Ko ya warware, zai ci gaba da sha aƙalla wata 6.

Sertraline ba ya kashe ƙishin giya. Wannan aikin naltrexone ne, 50mg a rana, bayan gwajin hanta.

Abu ɗaya nake roƙo: ku tambaye shi a keɓe, cikin lallashi, ko yana taɓa tramadol ko kodin, ku faɗa wa likita gaskiya. Tramadol da sertraline in sun haɗu suna iya kawo zazzaɓi, ruɗewa da jijjiga. Naltrexone kuma ba a fara shi sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 bai sha tramadol ko kodin ba, in ba haka ba ƙwaya ɗaya ta isa ta kwantar da shi da amai, gudawa da ciwon gaɓɓai.