Zauren Harshe: Makiyayin da ba shi da ko akuya

Tambaya: Malam, na ji a rediyo ana cewa "bizar makiyayan intanet". Ita ce takardar zama da ƴan'uwanmu ke nema a ƙasashen waje? (Ɗaliba, Jami'ar André Salifou)

Amsa: Ƴata, ba ita ba ce. Biza ce da ake ba wanda ke yi wa wata ƙasa aiki ta intanet don ya zauna a tasu na ɗan lokaci, kuma sunan ma bai zauna ba. Makiyayi dabba yake kiwo. Wanda ya rataya kwamfuta ya sauka Lisbon, babban birnin Fotugal, me yake kora? Mai fassara ne ya ga kalmar da ke nufin mai yawo, Bororo suka faɗo masa a rai, shi ke nan ya karanta mana. Haka suke yi kullum, sauri ya hana su tambaya.

Wasu kuma sun ce "ƴan ci-ranin intanet". Wannan baibai ne. Ɗan ci-rani in ya bar Mirriya bayan girbi ya nufi Kano, can zai nemo kuɗin ya kawo gida. Mai wannan biza kuwa albashinsa daga wata ƙasa yake biyo shi, inda ya sauka kashewa kawai zai yi. Sai ma ya nuna shaidar samunsa kafin a ba shi, kuma galibi ba a yarda ya taɓa aikin ƴan ƙasa ba. Estoniya ta buɗe tata a 2020, ta shekara ɗaya. Babados ma a shekarar ta fito da ta wata 12 a kan dala 2,000. Fotugal ta biyo a 2022, ta ce sai mai samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar.

Takardar zama, wadda mutanenmu na Makka ke kira igama, aiki ne ko karatu ko aure ke ɗaure ta da ƙasar. Ana sabunta ta, kuma a ƙasashe da yawa shekarunta ake ƙirgawa in mutum ya nemi zama na dindindin. Ta Estoniya ba ta kai mutum nan. Fotugal ce ta raba tata biyu, ɗaya ta ɗan lokaci, ɗaya mai kaiwa ga zama.

Mu ƴan Damagaram bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Ayarin Buzaye da fatake a Zango suke sauke raƙumansu, bayan ganuwa, su ci kasuwa su ɗaura kaya. Mai gida da kabarin kakanni yana cikin Birni. To wannan bizar Zango ce. Ni dai "bizar baƙo mai guzuri" nake cewa, wanda ya fi ni ya kawo tasa.

Tambaya: Me ake nufi da "baƙo raɓa ne"? (Ɗan kasuwa, Kasuwar Dole, Damagaram)

Amsa: Alhaji, rana na ɗagawa raɓa ta tafi. Ka yi haƙuri da baƙo, ba zai daɗe ba.

Tambaya: "Biza" ne ko "bisa"? (Mai karatu, Magariya)

Amsa: Biza, ɗana. Bisa tana turke tana cin harawa.

Tambaya: Da ƙaura da hijira ɗaya ne? (Malamar makaranta, Tanut)

Amsa: A'a, Malama. Kowa na iya ƙaura, ko don haya ta yi tsada. Hijira gudun tsira ce, da rai ko da addini. Masu cewa wane ya yi hijira zuwa sabon gidansa na siminti, su bari.