Tambaya da Amsa: Zan sake rubuta jarrabawar da na faɗi, an ce in sha ƙwaya don karatun kwana

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a aji uku na jami'a, ina da kariyoba a wani kwas na lissafi tun daga aji biyu, kuma saura mako biyar in sake rubutawa. Wallahi bara na yi karatu, kwana uku ban runtsa ba, amma da aka ajiye mini takardar tambayoyi sai kaina ya ɗauke ɗif, kamar an wanke allo. Yanzu da zarar na buɗe littafin sai gabana ya yi ta faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Har yau Baba bai sani ba, kuma amfanin gona yake sayarwa ya biya mini kuɗin makaranta. Abokin ɗakina ya ce in riƙa shan taramol da dare don in jure karatun kwana, ranar jarrabawa kuma in sha ƙwayar kwantar da hankali. Ya ce kowa haka yake yi. Don Allah akwai illa idan na ɗan lokaci ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya yaye maka wannan damuwa. Sake karanta wasiƙarka: kwana uku ba ka runtsa ba, sannan kanka ya ɗauke. Dalilin faɗuwarka yana nan, kai ka rubuta shi da hannunka. Abin da mutum ya karanta da rana, a cikin barci ƙwaƙwalwa ke tace shi ta adana. Wanda ya yi karatu bai yi barci ba kamar mai ɗibar ruwa da kwando ne. Idan tsoro ya haɗu da gajiya a ɗakin jarrabawa, jiki yakan saki sinadaran ko-ta-kwana, zuciya ta yi ta bugu, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe matakan lissafi ɗaya bayan ɗaya ya cushe. Ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma hannu aka sa maka ba. Faɗuwar gaban da kake ji yanzu, jikinka ne ya haɗa littafin nan da waccan ranar, kuma ana warware wannan.

Yanzu ga maganar abokinka, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali, don kusan babu makon da ba na jin irinta. Taramol ba maganin karatu ba ne. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin mofin da kodin. Wanda hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince a sayar miligiram 50 ne da 100, shi ma sai da takardar likita. Wanda ke yawo a hannun 'yan talla da bayan kantar wasu kemis kuwa har mai 225 ake samu, irin wanda jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ke kamawa katan-katan. Yana sa mutum ya ji kamar gajiya ta tafi, ya zauna har asuba ido buɗe, shafi na wucewa, ya ɗauka karatu yake yi. Tambaye shi da hantsi abin da ya karanta, sai ya yi ta kame-kame. Sannan yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba, musamman idan ya haɗu da rashin barci, wato daidai yanayin da aka ce ka saka kanka. Na taɓa karɓar wani yaro da abokansa suka kawo ranga-ranga da tsakar dare daga ajin da suke karatun kwana, ya ciji harshensa, rigarsa duk jini. Jarrabawar da ya sha ƙwayar dominta, a gadon asibiti ta wuce shi.

"Na ɗan lokaci ne" kuwa, duk wanda na kwantar don raba shi da ƙwaya da wannan kalma ya fara. Mako biyar ana sha kullum ya isa jiki ya saba. Ranar da ka tsaya sai gumi, ciwon gaɓɓai, rashin barci da fargabar da ta ninka wadda kake kuka da ita yanzu, sai ka koma don ka samu sauƙi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa umarnin likita ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ɗaura niyyar zama ɗan ƙwaya ranar da ya haɗiyi ta farko.

Ƙwayar safiyar jarrabawa ma ba ta fi ba. Yawanci diyazafam ce, wadda yara ke kira D5. Aikinta ta rage saurin ƙwaƙwalwa, kuma mantuwa tana cikin sanannun illolinta. Za ka zauna hankali kwance, eh, amma tunaninka na tafiyar hawainiya, ga lissafi a gabanka, ga agogo na gudu. Idan ta tarar da taramol a jiki, su biyun suna iya danne numfashi har mutum ya kwanta bai tashi ba. Akwai kuma masu miƙa wa ɗalibai furofanolol, wani maganin hawan jini, don rage bugun zuciya ba tare da sun tambaya ko mutum na da asma ba, alhali yana iya toshe wa mai asma ƙirji. Raina yana ɓaci da mai kemis ɗin da zai dubi ɗan mutane ya shigo a firgice ya ƙirga masa waɗannan a leda saboda ribar 'yan nairori. Haka masu yawo da garin "ƙarin basira" a ƙofar makarantu, da ba wanda ya san abin da aka daka a ciki. Addu'a ka riƙe ta da kyau, amma abin da ba ka san asalinsa ba kada ya shiga cikinka.

Mako biyar ba kaɗan ba ne ga kwas ɗaya. Lissafi ba a haddace shi da ido, sai hannu ya yi. Nemo tambayoyin shekarun baya, ka rufe littafi, ka sa agogo, ka zauna a ajin da babu kowa kamar ranar ce ta zo. Gabanka zai faɗi a zaman farko da na biyu. Kada ka tashi. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ta baki, sakin ya fi jan tsawo, kamar sau shida, sannan ka fara da tambayar da ta fi maka sauƙi. Da maimaici jiki ke gane cewa takarda ba kura ba ce. Inda ka maƙale, kai wa ɗan ajin da ya iya, ko da ƙaninka ne a karatu. Zama aji ɗaya da 'yan bayanka ba abin kunya ba ne. Barci awa bakwai, har daren jarrabawar, kuma Nescafe ya tsaya daga azahar.

Gobe ka je wurin malamin da ke kula da ajinku ka tabbatar kwas ɗin ya shiga rajistarka, ka ji ranar gwajin tsakiyar zango, ka duba ko lokacin jarrabawar bai ci karo da na wani kwas ɗin aji uku ba. Na sha ganin yara sun sake faɗi saboda takarda ɗaya da ba a sa wa hannu ba, ana ta tura su daga wannan ofis zuwa wancan har lokaci ya ƙure.

Batun Baba kuma, ɓoyon nan yana cikin abin da ke hana ka sukuni. Manomi ya san shekarar da damina ba ta yi ba. Idan nauyinsa kake ji, fara da Inna ko wani kawunka ya yi maka jagora.

Idan kuwa ka kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, ko ka fara jin gara mutuwa da wannan kunya, kada ka jira jarrabawa. Je asibitin makaranta a ranar, ka ce a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Abokin ɗakin naka ma, idan ya daɗe yana sha, kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai. Ku zo tare.