An mayar da rayuwar mahaifina fim, an kuma ƙara abin da bai faru ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Mahaifinmu dattijo ne, tsohon ɗan kasuwa a Kano, yana nan da ransa da lafiyarsa. A shekarun baya ya yi karayar arziki har rikicin bashi ya kai shi gidan yari, daga baya Allah Ya sake buɗa masa. Bara wani furodusa ya zo ta hannun abokin yayanmu, ya ce yana so ya yi fim a kan rayuwarsa domin matasa su koyi haƙuri. Baba ya amince da baki, ya ba shi labari yana naɗa a waya, ya kuma ara masa tsofaffin hotuna. Ba a rubuta komai ba. Yanzu an saki tallan fim ɗin a YouTube, mai dogon zango ne. An sauya sunan Baba, amma unguwarmu ce, layin shagonsa ne a kasuwa, laƙabin ma kusan ɗaya ne. A ciki an nuna ya cinye dukiyar marayun ƙaninsa, abin da bai taɓa faruwa ba. An kuma nuna mahaifiyata, wadda suka rabu tun ina ƙarama, tana bin bokaye. Ita ko tuntuɓarta ba a yi ba, kuma tana ɗakin wani mijin. Yayyena sun ce a kai wa 'yan sanda. Zan iya shigar da ƙara a madadinsu? Za a iya hana fim ɗin fita?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ƙara wa Baba da Hajiya lafiya da nisan kwana.

Zan fara da abin da ba zai yi miki daɗin ji ba. A dokar Najeriya babu wanda ya mallaki labarin rayuwarsa yadda ya mallaki gidansa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutu da hoto da waƙa da fim, wato abin da mutum ya ƙirƙira, ba ta kare abin da ya faru da mutum. Cewa Baba ya yi arziki, ya karye, ya shiga gidan yari, ya fito ya sake tashi, duk abubuwa ne da suka faru a idon jama'a, shari'ar ma a buɗaɗɗiyar kotu aka yi ta. Ko bai taɓa zama da furodusan nan ba, da wuya kotu ta hana a ba da wannan ɓangare, domin sashe na 39 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, ɗan fim ma yana ciki. Saboda haka kada ku gina ƙararku a kan cewa an ɗauki labarinku. Ku gina ta a kan ƙaryar da aka cusa a cikinsa, a nan ne kuke da ƙarfi sosai.

A ce mutum ya ci dukiyar marayu, a garin Kano, ba ƙaramar magana ba ce. Zargi ne na laifi a doka, babban zunubi ne a addini, kuma irin abin da yake sa a daina ba dattijo ajiya, a daina kiransa rabon gado, a yi jinkiri wajen neman auren jikarsa. Wannan shi ne ainihin ɓata suna. Abin da kotu za ta nema ku tabbatar uku ne: an yaɗa maganar ga wasu, maganar tana zubar da mutunci a idon mutanen kirki, kuma masu kallo sun gane da wa ake. Idan kun kawo waɗannan, nauyi ya koma kan furodusa. Shi ne zai tabbatar Baba ya ci dukiyar marayu, ba Baba ne zai tabbatar bai ci ba.

Na san abin da zai fara faɗa: ai mun canza suna, ai mun rubuta a farko cewa ƙirƙirarren labari ne, idan ya yi kama da na wani arashi ne. Wannan rubutun da kike gani a farkon fina-finai asalinsa ma daga wata shari'a ce da kamfanin fim ya sha kaye. A 1934 wata gimbiyar Rasha mai suna Irina Yusupov ta kai kamfanin MGM ƙara a Ingila kan wani fim da aka yi game da Rasputin, wani mai da'awar waliyyaka da ya yi tasiri a fadar sarkin Rasha, inda aka nuna ya keta mutuncin wata gimbiya. An sauya mata suna a fim ɗin, amma shaidu suka ce duk wanda ya san gidan ya gane ita ce. Aka ba ta diyyar fam 25,000, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Dokarmu ta ɓata suna daga ta Ingila ta samo tushe, kuma ma'aunin bai canza ba: ba a tambayar me mai fim ya yi nufi, ana tambayar me mai kallo ya fahimta. Unguwa, layin kasuwa, laƙabi, zaman gidan yari kan bashi, idan suka haɗu a mutum ɗaya, sauya suna bai ɓoye kowa ba. Ko a Amurka, inda doka ta fi tamu sassauta wa masu fim, a 2022 wata alƙaliya ta ƙi korar ƙarar da Nona Gaprindashvili, gwanar wasan darar Turawa (chess) ta ƙasar Jojiya, ta shigar da kamfanin Netflix kan jimla ɗaya tak a wani ƙirƙirarren fim, inda aka ce ba ta taɓa karawa da maza ba alhali ta kara da su da yawa. Daga baya aka yi sulhu a wajen kotu.

Abu na biyu da zai fake da shi shi ne amincewar Baba. Gaskiya ne amincewa ta baki ma amincewa ce, kuma rashin takarda ya raunana ku. Amma yarda tana da iyaka: Baba ya yarda a ba da labarin da ya bayar, bai yarda a ƙirƙira masa laifi ba. Muryar da aka naɗa a wayar nan ita ce babbar shaidarku, domin za ta nuna abin da Baba ya faɗa da abin da bai faɗa ba, kuma idan an je kotu ana iya neman a tilasta masa ya fito da ita. Abokin yayanku da ya kawo shi ma shaida ne kan abin da aka yi alkawari, don haka kada a yi faɗa da shi.

Hajiya kuwa, a ganina ita ce aka fi zalunta, kuma ƙararta ta fi ta Baba tsabta. Babu wanda ya tambaye ta. Yardar Baba ba ta hau kanta ba, kamar yadda ba ta hau kan marayun da aka ambata ko abokan cinikinsa na da ba. Wannan ne wurin da masu irin waɗannan fina-finai suke yawan yin sakaci: su zauna da mutum ɗaya, su manta rayuwarsa cike take da wasu mutane masu rai, masu aure, masu 'ya'ya. Kuma saboda labari yana buƙatar mugu, sai a ɗora muguntar a kan wanda ba ya wurin, galibi matar da aka saki. Ki duba yadda abin zai kasance: Hajiya tana gidan biki, wata ta miƙo wa ta kusa da ita waya, su kalli matar fim tana tsugune gaban boka, su ɗago su kalle ta. 'Yan unguwa da ba su san abin da ya faru shekara talatin da suka wuce ba, fim ɗin ne zai zama tarihinsu, domin abin da ido ya gani da fuska da hawaye da kiɗa ya fi zama a rai fiye da duk wani bayani da za a yi daga baya. Addininmu ma ya riga doka a nan. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana giba da cewa ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi ko da yana da shi, idan kuma ba shi da shi to ka yi masa ƙage. Bayan ɓata suna, Hajiya tana iya dogara da sashe na 37 na kundin tsarin mulki, wanda ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, sai dai ta sassauta wa aikin jarida da adabi da fasaha, don haka ba zan sa ta a gaba ba.

Game da tambayarki ta farko: ƙarar ɓata suna ta wanda aka ɓata ce shi kaɗai. Ke ba za ki shigar da sunanki ba, duk da cewa zafin ya taɓa ki. Baba ne zai shigar da tasa a babbar kotun jiha, Hajiya ta shigar da tata, ku kuma ku yi zirga-zirgar. Irin wannan ƙara ba a gadonta, tana tafiya da mai ita, kuma tana da wa'adi, shi ya sa jan ƙafa ba ya da amfani. A cikin lamarinku, ƙarar take haƙƙin sirri ce kawai ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009 suka yarda wani ya shigar a madadin wani.

Hana fim fita yana yiwuwa, amma ba zan yi miki alkawari ba. Tun wata shari'a ta 1891 a Ingila kotuna suke ɗari-ɗarin toshe bakin mutum kafin a gama sauraron ƙara, musamman idan ya ce zai tabbatar abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai furodusan nan ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya ce gaskiya ce, sai ya kawo marayun da aka cinye wa dukiya. Idan ya ce ƙirƙira ce, ya amsa da bakinsa ƙarya ce, abin da ya rage kawai a nuna an gane Baba. Lauyanku zai fi samun nasara idan ya nemi umarnin wucin gadi a kan fitowar marayu da ta boka kaɗai maimakon fim ɗin gaba ɗaya. Ku sani kuma kotu za ta sa ku ɗauki alkawarin biyan asarar da furodusa ya yi idan daga ƙarshe aka ga ba ku da gaskiya.

Akwai ƙofar da ta fi kotu sauri. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar a kai mata fim ta duba kafin a saki, kuma ta nuna masu dogon zango na intanet ma ba su fita daga hannunta ba: a watan Mayun 2025 ta dakatar da guda 22 saboda rashin bin wannan ƙa'ida. Ku rubuta mata koke, ku aika kwafi ga hukumar tace fina-finai ta ƙasa da ƙungiyar MOPPAN ta masu shirya fim. YouTube ma yana da wurin kai ƙorafin ɓata suna, amma sau da yawa sai ya ga takardar kotu yake motsawa.

Shawarar yayyenki ta 'yan sanda ban goyi bayanta ba. Eh, ɓata suna laifi ne a kundin final kod, sashe na 391 da 392, hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara biyu ko tara ko duka biyun. Haddin ƙazafi na bulala 80 bai shigo nan ba, domin shi a kan zargin zina ko kore nasaba yake. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet, wanda aka saba kama mutane da shi, an taƙaita shi a gyaran 2024. Amma ko da an kama shi, me kuka samu? Ranar da aka ji an tsare furodusa saboda wani fim, ranar ce mutum dubu da ba su san da tallan ba za su je nemansa, su kwafe shi su watsa a WhatsApp, inda babu umarnin kotun da zai iya goge shi. Ku abin da kuke so shi ne kada a gani, kamu kuwa talla ce.

Ga yadda zan bi da lamarin da a ofishina kika kawo shi. Yau ɗin nan ku sauke tallan ku adana, ku ɗauki hoton shafin da ranar da aka ɗora da yawan waɗanda suka kalla, da duk wani sharhi da wani ya rubuta a ƙasa yana cewa ai Alhaji wane ne. Ku rubuta sunayen waɗanda suka kira Baba ko Hajiya a waya suna tambaya, domin kotunanmu suna son jin shaidar wani na waje da ya gani ya gane. Kada kowa a gidanku ya mayar da martani a Facebook ko TikTok. Sannan lauya ya rubuta wa furodusa da darakta da mai tashar takarda, domin duk wanda ya sa hannu wajen yaɗawa yana da alhaki: a sauke tallan cikin kwana bakwai, a cire fitowar nan biyu, a adana muryar da aka naɗa, a dawo da hotunan da aka ara. Hotunan kayan Baba ne, aro ya bayar, yana da ikon karɓar abinsa.

Yawancin masu fim idan suka ga takardar lauya da koke a hukuma kafin su gama zuba kuɗinsu, sukan nemi zama. Ku karɓi zaman, ko a gaban dattawan masana'antar ko a cibiyar sulhu ta babbar kotun Kano. Neman yardar mai rai ba baƙon abu ba ne a fim ɗin Najeriya: wanda Obi Emelonye ya yi kan rayuwar Janar Ibrahim Babangida, da ya fito a 2021, da amincewar mai labarin aka yi shi, alhali tsohon shugaban ƙasa ne da rayuwarsa take a fili. Idan Baba har yanzu yana son a yi fim ɗin, a wannan karon a rubuta. A ba ku rubutaccen labarin ku karanta kafin a fita lokeshan, a ambaci abubuwan da ba za a taɓa ba, ku kalli kowane kashi kafin a saki, a faɗi abin da za a biya shi da lokacin biya, kada a yi zango na biyu sai da sabuwar yarda. Ku ma ku yi adalci, kada ku ce sai an cire gidan yari da karayar arziki, domin sun faru, kuma su ne darasin da Baba ya yarda a koyar. Idan Baba ba ya karatun boko, a rubuta a ƙasan takardar cewa an karanta masa da Hausa ya fahimta, a sa sunan wanda ya karanta, ya sa hannu.

Kafin a rubuta ko harafi ɗaya da sunan Hajiya, ki je ki zauna da ita, da sanin maigidanta. Ki gaya mata idan aka kai kotu, lauyan ɗaya ɓangaren zai yi mata tambayoyi kan tsohon aurenta a bainar jama'a. Wataƙila ta ce a cire ta daga fim ɗin kawai ya ishe ta, wataƙila ta ce sai an nemi afuwarta a tashar da aka ɗora tallan, wataƙila ta nemi diyya. Duk wanda ta zaɓa, shi za a sa a takardar lauya.