A intanet zan ci gaba da rubutu ko in sa manhaja a kwamfuta?

Tambaya: Ina rubuta maƙaloli kan noma ina wallafa su a intanet. Kai tsaye nake bugawa a burauza, kuma sau biyu ke nan sabis na yankewa rubutun ya salwanta. Wani mai gyara ya ce in kawo kuɗi ya sa mini Word, manhajar rubutu ta Microsoft. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, 4GB ne. In biya? Daga mai karatu a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Malam, ka koma rubutu a manhajar da ke zaune cikin kwamfutarka, amma kada ka yi saurin biyan kuɗin nan.

Abin da ke cinye maka aiki shi ne, rubutun burauza sai ya isa sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da shafin, kafin ya adanu. Idan sabis ya ɗauke, ko wutar kamfanin lantarki na JED ta tafi da na'urar intanet ɗinka, duk abin da ka buga bayan adanawar ƙarshe yana iya tafiya da zarar shafin ya sake buɗewa. Manhajar kwamfuta kuwa a faifan cikin na'urar take ajiya, ba ruwanta da data. Ga kuma nauyi: burauzar Chrome da shafuka goma a buɗe ya isa ya sa kwamfuta mai 4GB ta riƙa ja da ƙyar, batir ma ya fi saurin ƙarewa.

Word na gaskiya da lasisi ake sayensa. Idan mai gyaran bai ba ka lambar lasisi ba, fasasshe, wato na sata, ne zai sa maka, irin wanda yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, wata rana kuma ya kulle ya hana ka gyara rubutunka. Ka sauke LibreOffice, manhajar rubutu irin Word, daga shafinsu na asali. Kyauta ne, yana buɗe fayil ɗin Word na docx, saukewar kuma ba ta kai rabin gigabait ba, sau ɗaya.

Da ka girka shi, shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka rage lokacin ajiyar gaggawa daga minti 10 zuwa 2. Duk da haka ka saba da danna Ctrl da S a ƙarshen kowane sakin layi.

Sai batun ƙ, ɗ da ɓ, wanda ni a wurina shi ne babbar ribar. A sashen AutoCorrect ka koya wa manhajar cewa duk inda ka buga "kasa1" ta mayar da shi "ƙasa", haka sauran kalmomin da ka fi amfani da su. Idan haruffan suka fito kamar ƙananan akwatuna, salon rubutun ne ba shi da su. Canza zuwa Charis SIL ko Noto Sans. Ka kuma kashe mai duba kuskuren Turanci, in ba haka ba kowace kalmar Hausa sai ya ja mata jan layi.

Ranar wallafawa, ka kwafo rubutun daga manhajar ka liƙa shi a burauza da Ctrl, Shift da V. Liƙawar da aka saba tana kwaso ɓoyayyen tsarin manhajar, sai ka ga layuka sun hargitse a wayar masu karatu.

Illar wannan hanya ɗaya ce: in faifan ya lalace ko aka sace kwamfutar, komai ya tafi. Duk Juma'a ka kwafe aikinka a filashi, sannan ka tura wa kanka kwafi ta imel idan ka samu sabis.