Tambaya da amsa: Wai me ya sa ake rigima kan dokar kulle bindiga a gida?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga ana ta cece-kuce a Amurka kan dokar da za ta tilasta wa mai bindiga ya kulle ta a gida, ni dai abin ya ɗaure min kai, ai ko maganin ɓera ɓoye wa yara ake yi balle bindiga. To su masu adawa me suke cewa?

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa. Kinga ba wai cewa suke a ajiye bindiga kan tebur yara su yi wasa da ita ba, da yawansu ma suna kulle nasu, abin da suka ƙi shi ne gwamnati ta mayar da shi dole. Hujjarsu ita ce ƙarfe biyun dare wani ya ɓalle maka ƙofa, kai kuma kana lalube cikin duhu hannu na rawa kana neman makulli, harsashi kuma yana wata durowa daban, kafin ka haɗa ai an gama da kai. Kuma kotun ƙoli ta taɓa ba su gaskiya, a shari'ar Heller ta 2008 alƙalai 5 cikin 9 suka soke dokar birnin Washington wadda ta ce bindigar gida dole a cire mata harsashi sannan a kwance ta ko a sa wa kunamarta kwaɗo.

Amma fa hukuncin bai kashe maganar ba. San Francisco ta ce ƙaramar bindiga a kulle ta sai dai in tana jikinka, kotun ɗaukaka ƙara ta amince a 2014, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar. Jihar Massachusetts ma kusan haka dokarta take. Ita gwamnatin tarayya tun 2005 ta wajabta wa dila ya haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga da kwaɗo, sai dai ba ta ce dole ya yi amfani da shi ba, wato kamar a ba ka laima ne a ce in ka ga dama ka buɗe.

Abin da ya sa ni na fi karkata ga dokar shi ne fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka su ne suka harbe kansu da kansu. Matashi ɗan shekara 15 ya yi faɗa da iyaye ko an ci masa mutunci a makaranta, zuciya ta ɗebe shi, yawanci irin wannan zafin na ɗan lokaci ne, in ya je ya tarar da akwati a kulle sau da yawa kafin ya samu wata hanya ya huce, in kuwa tana ƙarƙashin filo da harsashi a ciki to ba kasafai ake tsira ba. Cibiyar RAND da ta tattara binciken da aka yi ta samu hujja mai ƙarfi cewa dokokin hana yara kaiwa ga bindiga suna rage harbe kai da gangan da harbin kuskure a tsakanin yara da matasa.

Ki duba abin da ya faru a makarantar Oxford ta jihar Michigan ranar 30 ga Nuwamba 2021. Uba ya sayi bindiga, kwana huɗu tsakani ɗansa ya ɗauke ta ya kashe ɗalibai 4. A 2024 aka ɗaure uwar da uban shekara 10 zuwa 15 kowanne, kuma a shekarar ce dokar adana bindiga ta jihar ta fara aiki.

Inda dokar ke da rauni kuwa, gaskiya sai an faɗa, shi ne wa zai duba? A Amurka ɗan sanda ba ya shiga ɗakin kwananka haka kawai sai da izinin kotu, don haka galibi sai ta ɓaci ake ɗauko dokar, wani lokacin ma uban da ya binne ɗansa shi za a gurfanar. A Birtaniya 'yan sanda na iya zuwa su ga kabad ɗin ƙarfen da ka kafe a bango kafin su ba ka lasisi, Jamus ma ta ba hukuma damar zuwa dubawa bayan harin da aka kai wata makaranta a garin Winnenden a 2009, inda yaro ɗan 17 ya ɗauki bindigar babansa da ba a kulle ba ya kashe mutum 15. Ba'amurke mai bindiga kam da wuya ya yarda da wannan.

Maganar lalube cikin duhun nan kuma ta rage ƙarfi yanzu, akwai ƙananan akwatuna da ake buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin 'yan sakanni, ana kafe su gefen gado. Masu adawa za su ce ba kowa ke da kuɗinsu ba kuma batir kan mutu, haka ne, shi ya sa yawancinsu ke zuwa da makullin ko-ta-kwana, shi kuma makullin in aka rataye shi a ƙusa bayan ƙofa yaron gidan ya riga kowa sanin wurin.