Hayaƙi a ƙarƙashin Sharon da sanyin safiya: amsoshin masu motar gas

Tun da hunturu ya kama, yawancin wasiƙun da ke zuwa mini a kan abu guda suke, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wata 'yar'uwa daga Jos ta rubuto cewa da kuɗin sallamarta na aiki ta sayi Sharon 'yar Kwatano mai shan gas, wato dizal, don kai yara makaranta. Ranar da aka tashi da muku-muku sai ta ji ƙara kamar ta jirgi a ƙarƙashin motar, ga farin hayaƙi yana fitowa ta gefen hagu kusa da tayar baya. Ta kashe inji, ƙarar ba ta tsaya ba. Tana tambaya ko an sayar mata da mushe ne.

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba a cuce ki ba. Abin da kika ji ƙaramar hita ce da masu ƙera motar suka ɗaura mata saboda sanyin Turai. Injin gas ba ya zubar da zafi da yawa kamar na fetur, shi ya sa a ƙasa irin Jamus mutum zai yi doguwar tafiya ruwan lagireto bai yi ɗumi ba, cikin mota kuma kamar randa. Sai aka sa wani ɗan murhu a kan hanyar ruwan. Kamfanoni biyu na Jamus, Webasto da Eberspächer, su suka fi yin sa, kuma ana samunsa a Volkswagen Sharan, wato Sharon irin taki, da Ford Galaxy da Seat Alhambra na da, waɗanda duk masana'anta ɗaya ce ta haɗa su a Fotugal, haka ma a wasu Land Rover da BMW X5 masu gas.

Aikinsa ba wuya. Wani ɗan famfo yana ɗigo masa gas daga tankinki, shi ne kike ji yana ƙas-ƙas kamar agogo. Fulogi ya yi ja ya kunna wutar, fanka ta hura iska, wutar ta ɗumama ruwan da ke zagaya inji, hayaƙin ya fita ta 'yar salansarsa. Ba ya tashi sai sanyin waje ya sauka ƙasa da digiri 5 a wasu motocin, 10 a wasu, kuma injin bai yi zafi ba. A Kano ko Sakkwato mota kan shekara ba ta kunna shi ba, amma safiyar Jos ta isa ta tashe shi. Ƙarar da ta ci gaba bayan kin kashe mota fankarsa ce take huce shi, minti biyu zuwa uku ta yi shiru. Farin hayaƙin kuwa gas ne da bai ƙone ba, saboda murhun ya daɗe a kwance ya yi kunkunniya. Abu biyu nake roƙonki: kada ki bar motar tana aiki a rufaffen gareji, don hayaƙin yana kisa ba tare da an ankara ba, kuma kada ki tsayar da ita a kan busasshiyar ciyawa.

Wani direba mai lodin Zariya zuwa Kaduna ya ce tasa hitar kullum hayaƙi take yi fasinja suna tsorata, mai wayarin ya ce zai yanke wayoyinta ya datse tiyonta a huta. Ya amince?

Malam, kada ka yarda. Kashe ta ba laifi ba ne a yanayinmu, ni ma da tawa ce kashewa zan yi. Amma akwai hanyar da ba ta ɓarna. Mafi sauƙi a duba littafin motar a gano fis ɗinta a zare, bayan an tabbatar ba ya ciyar da wani abin daban. In ba haka ba, a cire soket ɗin da ke jikin hitar ko na ɗan famfon gas, a naɗe bakinsa da kyau kada ruwa da ƙura su shiga. A wasu Volkswagen, irin Touran, danna maɓallin ECON da ke cikin maɓallan na'urar sanyaya mota kawai yana hana ta tashi. Mai na'urar kwamfuta da ya san aikinsa kuma yana iya kashe ta daga ƙwaƙwalwar wasu motocin. A yi duk wannan hitar tana kashe ta huce, kada a katse mata wuta tana tsakiyar ci.

Yanzu bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun ɗauki wata ɗabi'a: duk abin da bakanike bai gane ba a cikin mota, sai ya ce na Turawa ne, a yanke a yar. Haka ake zare tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai ƙasarmu da zafi, injin ya koma aiki a sanyaye, ya ƙara shan mai, ya ci kansa a hankali. Haka ake zubar da ruwan lagireto na asali a ɗura na rijiya, tsatsa ta cinye hanyoyin. Wayar da aka yanke da reza aka murɗe da ɗan salatif ba ta mutu ba, tana nan da wuta a ƙarƙashin mota kusa da tiyon gas, tana jiran damina. Tiyon ruwan nan da ake so a datse kuwa, ruwan injinka ne ke bi ta ciki. A toshe shi da ƙusa ko guntun katako, wata rana a kan titin Kaduna ya ɓalle, ruwa ya tsiyaye, kan inji ya ƙone. Ka san kuɗin inji na Beljiyam a Panteka yau, ka san nawa kake kai wa mai mota a mako. Don gudun kuɗin awa ɗaya na ƙwararre mutum ya jefa jarinsa duka a wuta, sannan ya ce ƙaddara ce! Idan jikin hitar ne ya ruɓe yana yoyo, a cire tiyo biyun a haɗa su da bututun ƙarfe daidai girmansu, a ɗaure da kilif mai kyau, a cika ruwa a fitar da iska, a toshe hanyar gas da abin da aka yi don haka. Ka tsaya a kai har a gama. Kuma a ba ka hitarka a hannu, kayanka ne, tana da masu saye.

Wani matashi daga Katsina yana tambaya ko in ya cire ta motarsa za ta rage shan mai da rabi, ko kuma a juya ta ta koma na'urar sanyaya mota. A'a, duka biyun. Murhu ba ya zama firji. Ko tana ci da ƙarfinta bai fi ɗan sama da rabin lita take sha a awa ba, a Katsina kuma sau nawa ta taɓa tashi? In motarka tana zuƙar gas, je a duba nozul, mai fesa gas cikin inji, da matatar iska.

Ɗan'uwanmu da ke aiki a Hambug ta Jamus shi ma yana so ya kashe tasa don tsimin mai. Kai kam ka bar ta. Don irin garinku aka yi ta. Ba ita, gilashi zai daɗe bai washe ba da safe, injin kuma ya yi ta aiki da sanyi. In tana hayaƙi ka kai a wanke ta a canza fulogi kafin watan Disamba.

Mai shirin sayen Galaxy daga Maraɗi ya ce ko ya fasa saboda an ce tana da wannan abu. Kada ka fasa don shi. Ka dai sa a ɗaga motar ka leƙa da idonka: ba jiƙewar ruwa ko gas a jikin hitar, ba yankakkiyar waya tana reto. In ka ga an riga an yi mata yankan reza, to hannun da ya yi nan ya taɓa wasu wuraren, sai ka rage tayi ko ka nemi wata.