Amsterdam da hunturu: wane tikiti ya kamata a fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata tana karatu a Holan, zan je duba ta a watan Disamba, kuma ina da kwana biyu a Amsterdam. Ni malamin tarihi ne, wuraren Yaƙin Duniya na Biyu nake son gani. Ta ce in sayi I amsterdam City Card, katin shiga gidajen tarihi da hawa tarago. Ya cancanci kuɗinsa? Sannan rigar sanyi, a nan zan saya ko can?
Wani malami daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ajiye maganar kati tukuna, ka fara kama tikitin gidan Anne Frank, yarinyar nan Bayahudiya da ta rubuta labarin ɓuyarsu lokacin da Jamus ta mamaye Holan. Katin bai haɗa da shi ba, kuma ba a sayar da shi a bakin ƙofa, sai ta intanet, da lokacin shiga a rubuce. Duk Talata ake sakin na ziyarar da za a yi bayan makonni shida, nan da nan kuma yake ƙarewa. Ka ɗora wa ɗiyar taka wannan aikin.

Gidan yana bakin hanyar ruwa ta Prinsengracht. A nan iyalin Frank suka shiga ɓuya a Yulin 1942, bayan wata ƙofa da aka rufe da kantar littattafai, har aka kama su ranar 4 ga Agusta 1944. Cikin mutum takwas da suka ɓuya, mahaifin, Otto, kaɗai ya tsira. Ɗakunan babu kaya, haka ya so a bar su. Matakalar kuwa a tsaye take kamar tsani, in gwiwa na damunka ka shirya.

Amma malamin tarihi bai kamata ya tsaya nan ba. Rana ta biyu ka ba unguwar Plantage. Akwai Verzetsmuseum, gidan tarihin turjiya ga mamayar Jamus, wanda bai ɓoye cewa wasu 'yan ƙasar sun yi tsayin daka, wasu sun kau da kai, wasu kuma sun haɗa baki da Jamusawa ba. Kusa da shi akwai bangon tubali mai sunayen Yahudawan Holan sama da 102,000 da aka hallaka, an buɗe shi a 2021, shiga kyauta. Ka ƙarasa wurin mutum-mutumin Dokwerker, na tunawa da yajin aikin 25 ga Fabrairu 1941, ranar da direbobin taragun cikin gari da ma'aikatan tashar ruwa suka ajiye aiki saboda kamen Yahudawa.

Sanyin ma darasi ne. A hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta kashe kimanin mutum 20,000 a yammacin ƙasar. Mutane sun ci saiwar furen tulif mai kama da albasa, sun ɓamɓare katakon layin tarago sun hura wuta.

Katin kuwa, a ganina bar shi. Yana da riba ga mai shiga gidajen tarihi da yawa a rana, ga shi kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi a Disamba. Biya ɗaiɗai, ka hau tarago da katin banki. In za ka shiga kwalekwalen zagaya gari, zaɓi mai rufi da ɗumi, bayan magariba, lokacin bikin fitilu.

Riga ka sayo mai kauri ta gwanjo a gida, ta fi araha. Iska da yayyafi ne matsalar garin, ba ƙanƙara ba, don haka ka tabbatar ba ta shan ruwa. Kuma kada ka tsaya kan jan layin gefen titi, na masu keke ne, ba sa jira.